Kurakuran da muke yi kan kifi da gubar zaiba da dalma

Na farko dai wanda kusan kowa ke yi, ni ma da haka na ɗauka, wai in an wanke kifi da lemun tsami aka soya shi ƙayau ko aka banda shi to shi ke nan an gama da guba. Ina! Ƙwayar cuta wuta ke kashewa, ita zaiba a cikin tsokar kifin take maƙale, ko kwana zai yi a mai tana nan daram. Gyaran tun a wurin saye yake, ba a kicin ba.

Sai son ƙaton kifi, mu dai a ba mu babba mu cika tukunya. To shi babban da ke cin ƙanana, irin su shak da manyan tuna, shekara da shekaru yana tara abin da ƙananan suka kwasa, shi ya sa ya fi su guba nesa ba kusa ba. Shawa, sadin, taitus, waɗannan da muke rainawa su suka fi ƙarancin guba, musamman ga mai ciki da mai shayarwa da yara, don ƙwaƙwalwar jariri abin ya fi taɓawa.

Wani kuma zai kalli ruwa ya ce ai garau yake. Malam ba a saman ruwa abin yake zama ba, laka yake kwantawa, kuma can kaguwa da jatan lande suke kiwo, in kana zaune Legas ko Fatakwal ka riƙa tambayar mai kifi daga ina aka kamo, in kusa da magudanar masana'anta ne ka haƙura kawai.

A Minamata ta Japan haka aka yi, kamfanin Chisso na zuba ruwan zaiba a teku, kyanwoyin garin suka fara tangaɗi kamar masu maye suna faɗawa ruwa, a 1956 aka tabbatar da cutar a jikin mutane, amma ba a daina zubawa ba sai 1968. Mu ma ai masu haƙar zinare da zaibar suke aiki, kuma rafi take bi.

Amma fa kar tsoro ya sa ka yanke kifi gaba ɗaya, wannan ma kuskure ne, jiki na buƙatarsa. Ka riƙa canzawa dai, yau shawa jibi taitus, kar ka nace wa iri ɗaya daga ruwa ɗaya.