Yadda nake jera ranakun hutun Polan a kalandar kwamfuta

Ranar Alhamis 19 ga Yuni 2025, kasuwar Dole na ci, Kawu ya tsaya a kaina a shagonmu na Zango yana cewa: "Ɗana, sake kira, kada kayan nan su ƙara kwana a can." Kayan gyaran manyan motoci ne muka biya wa wani kamfani a Polan, muna jiran takardar lodi. Na kira sau shida, shiru. Na tura saƙo, shiru. Sai Litinin aka amsa mana. Ashe ranar ce Boże Ciało, idin Jikin Almasihu, wanda kullum Alhamis yake faɗowa, kuma ma'aikatansu sun haɗa da Juma'ar. Kwana huɗu muka yi asara. Daren nan na zauna na gyara kalandarmu.

Kuskuren da na fara yi shi ne raba ranakun gida biyu, na addini da na gwamnati. Wannan rabon ba ya gaya maka abin da kake nema. Ranar 15 ga Agusta idin ɗaukar Maryamu zuwa sama ce, kuma ita ce ranar sojojin ƙasar, don tuna yaƙin Warso na 1920. Wane gida za ka sa ta? Tambayar farko ita ce: an rufe biro ko ba a rufe ba? Asalin ranar ya biyo baya.

Buɗe Google Calendar ka ƙirƙiri kalanda uku dabam, kowace da launinta.

Ja na ranakun da doka ta hana aiki, su 14 tun daga 2025. Masu tsayayyar rana su ne 1 da 6 ga Janairu, 1 ga Mayu, 3 ga Mayu (tsarin mulkin 1791), 15 ga Agusta, 1 ga Nuwamba, 11 ga Nuwamba ('yancin kai na 1918), sai 24, 25 da 26 ga Disamba. Kula da 24 ɗin nan, a 2025 ta zama hutu, tsofaffin jerin da ke yawo a intanet ba su da ita. Waɗannan goma ka sa su maimaita kowace shekara, an gama.

Sauran huɗun su ne masu wahala, domin suna bin Ista, idin tashin Almasihu, ita kuwa tana yawo kamar yadda sallarmu take yawo. Lahadin Ista, Litinin ɗinta, Fentikos kwana 49 bayan Ista, da Boże Ciało kwana 60 bayanta. Kada ka taɓa danna musu maimaitawar shekara, kalandar za ta yi maka ƙarya. Da hannu nake shigar da su. A 2026 Ista 5 ga Afrilu ce, Fentikos 24 ga Mayu, Boże Ciało 4 ga Yuni. Juma'ar da ke bin ta ma ina rubuta mata "kada a dogara da ita". Haka nake yi wa farkon Mayu, wanda suke kira majówka, mutane na haɗa 1 da 3 su yi tafiya.

Kore na ranakun da ƙasa ke girmamawa amma ana aiki: 2 ga Mayu ranar tuta, 1 ga Agusta tunawa da boren Warso na 1944, 31 ga Agusta ranar ƙungiyar ƙwadago ta Solidarność. A nan nake zuba na al'ada ma, ranar uwa 26 ga Mayu, ranar yara 1 ga Yuni, ranar malamai 14 ga Oktoba. Ba su tsayar da kaya, amma gaisuwa a irin ranar tana ƙara danƙon ciniki.

Shuɗi na ibada kawai. Juma'ar da ke gaban Ista tana nan, domin a Polan ba hutun doka ba ce, ko da yake a Jamus maƙwabciyarsu hutu ce, kuma nan mutane ke ruɗewa. Haka 2 ga Nuwamba, ranar yi wa matattu addu'a, da Kirsimetin mabiya Otodoks na 7 ga Janairu a gabashin ƙasar, wajen Białystok. A yankin nan akwai Musulmi Tatar da tsofaffin masallatansu na katako a Bohoniki da Kruszyniany. Ranar da na faɗa wa Kawu haka, sai da ya ce in nuna masa hoton.

Yanzu asalin rana ya shigo. A farkon sunan kowace nake rubuta "addini", "ƙasa" ko "al'ada", 15 ga Agusta ta ɗauki biyu. In da fayil ɗin ics kake aiki, wato fayil ɗin kalanda, layin CATEGORIES yana karɓar kalma fiye da ɗaya, waƙafi ne tsakaninsu. Jajayen kaɗai nake nunawa a matsayin lokacin da ba a samun mutum, sauran a bar su a buɗe.

Shigar da kowace a matsayin yini cikakke, ba da awa ba. Da sanyi agogonmu ɗaya da nasu, amma daga Lahadin ƙarshen Maris zuwa Lahadin ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa guda, hutun da ka sa wa sha biyun dare sai ya zame zuwa jiya.

Abu na ƙarshe, in hutu ya faɗo Asabar, mai kamfani yana bai wa ma'aikata wata ranar a madadinta, kuma shi ke zaɓa. Lahadi ba ta da ramuwa. A 2026 masu faɗowa Asabar su ne 15 ga Agusta da 26 ga Disamba. Babu manhajar da za ta san ranar da aka zaɓa, don haka mako biyu kafin nan na sa tunatarwa in rubuta musu in tambaya. Na buga jajayen a takarda na manna a bangon shago kusa da 3 ga Agusta da 18 ga Disamba namu na Nijar, Kawu na duba ta kafin ya ce a tura kuɗi.