Darasi na Shida: Gyaran Shasin Land Rover Idan Tsatsa Ta Ci Shi

Tsohuwar Land Rover tana yaudarar ido. Jikinta na alminiyom ne, ba ya yin jar tsatsa, sai ka ga motar tas daga waje alhali ƙashin bayanta ya rube. Wannan ƙashin baya shi ne shasi, kuma na baƙin ƙarfe ne mai kaurin kusan milimita 2. Tun samfurin farko na 1948 har zuwa Series III da aka daina ƙerawa a 1985, siffarsa ɗaya ce: dogon akwati mai kusurwa huɗu, cikinsa fanko.

Fankon nan shi ne tushen matsalar. Motar da ke zirga-zirgar gona a hanyoyin Dass ko Ningi cikin watan Agusta tana kwasar laka, lakar ta shige ta ramuka ta kwanta a ciki. Rani ya zo, waje ya bushe, amma ciki na nan da danshi. Don haka tsatsa daga ciki take cinyowa. In kuma motar na dakon takin zamani, abin ya fi muni, domin taki na cin ƙarfe kamar gishiri.

Dubawa

A wanke ƙarƙashin mota da ruwa mai ƙarfi, a bar ta ta bushe. Sannan a ɗauki ƙaramar guduma a bi shasin taku-taku ana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa rau. Rubabbe kuwa sai ka ji bus, wani lokaci ma ɓawon tsatsa ya zubo maka a fuska. Inda aka yi shakka, a danna sukundireba da ƙarfi. In ta huda, a zagaye wurin da alli. A fi tsananta bincike a ƙarfen da ya gitta a can baya inda ake ɗaura tirela, da hannuwan da suka fito gefe suna riƙe da bodi, da kunnuwan da sifirin ke rataye a jiki. A yawancin samfuran, lambar shasi tana buge a kunnen sifirin na gaba ta dama. A kiyaye ta, domin ita ce ke cikin takardun mota.

Kafin a kunna wuta

A cire kan batir. A sauke tankin mai gaba ɗaya a kai shi nesa, ko da babu mai a ciki, domin tururin fetur ya fi fetur ɗin saurin kamawa. A janye bututun birki da wayoyin da ke bin cikin shasi. A tallafe shasin da ƙafafun ƙarfe gaba da bayan wurin da za a yanke. Jak kaɗai ba abin dogaro ba ne, bulo kuma yana fashewa. Sai a auna da tef daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, a sake auna ɗaya gicciyen, a rubuta a takarda.

Yanka da walda

A nan ne aiki ke kyau ko ya ɓaci. A yanke rubabben wuri da giranda, a ƙara santimita 2 zuwa 3 cikin lafiyayyen ƙarfe, har sai bakin yankan ya yi fari da cikakken kauri. Mai mota zai so a ɗora faci a kan ramin kawai don sauƙin kuɗi. Kada a yarda. Ruwa na maƙalewa tsakanin faci da tsohon ƙarfe, tsatsar ta ci gaba da aikinta a ɓoye, ranar da aka yi lodi mai nauyi kunnen sifirin ya ɓalle a kan hanya. Shafa masa fila, wato ƙullin da ake cike lotsawar bodi da shi, kuwa ha'inci ne.

A zana siffar ramin a kwali, a yanko sabon ƙarfe mai kauri daidai da na asali, ya zauna cikin ramin baki da baki. Ƙarfen da ya fi kauri sosai ba ya lanƙwasa tare da sauran, sai tsagewa ta fito a gefensa. Gefen facin ya zama a karkace, kusurwoyinsa a zagaye, saboda miƙaƙƙen layin walda daga sama zuwa ƙasa nan ne shasi ke karyewa.

Sandar walda mai milimita 2.5 ta isa, wuta wajen amfiya 60 zuwa 80. In ta yi yawa sai ta huda ƙarfen. A fara ɗiga walda a kusurwoyi, sannan a riƙa yin santimita 3 a nan, a tsallaka wancan gefe, a bari ya huce. Zafi a wuri ɗaya yana murɗe shasi, motar ta koma tafiyar kaguwa tana cin taya. Kada a watsa ruwa don ya yi saurin sanyi. An gama, a kankare dattin waldar, a sake awon gicciye a gwada da abin da aka rubuta.

Kariya

A goge da burushin waya, a shafa jan fentin hana tsatsa sau 2, a bi da baƙin fenti. Cikin akwatin kuma a fesa mai mai kauri ta ramukan gefe. A zura waya a buɗe ramukan ƙasa da ruwa ke fita, a kuma maimaita wankin ciki da feshin nan duk watan Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa.