Kurakuran da aka fi yi a zanen karkara kan jan ƙarfe

Aikin ba wuya a baki: ka shafe farantin jan ƙarfe da kaki, ka yi zane da allura, ka tsoma shi a asid ya ci inda allura ta bi, ka cusa tawada a ramukan, ka danne da takarda a injin matsi. Wajen yi ne ake shan kashi.

Sabon hannu yakan manta cewa daman faranti hagun takarda ne. Ka zana Ƙofar Ƙaura, ka rattaba sunanka a ƙasa, sai komai ya fito a juye. Ajiye madubi gefe, ka riƙa duba zanen a cikinsa.

Sai tsoma faranti sau ɗaya a ce an gama. Nan ne dutsen da ke can nesa yake fitowa baƙi ƙirin kamar kukar da ke gabanka. Wanda ya bi hanyar Daura da hunturu ya san yadda hazo ke shanye nesa. To, ka ciro farantin da wuri, ka shafa wa layukan nesa banish, wato man da ke hana asid ci, ka mayar, na kusa su ƙara ciwuwa. Asid ya fi saurin ci a zafin Afrilu, kada ka yi aiki da lissafin Janairu. Kuma wajen sirkawa, asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne zana dajin kalanda: tuddai, ƙorama, itatuwan da ba su da suna, babu mahaluki ko ɗaya. Ina aka ga irin wannan a ƙasar Katsina? Ko Rembrandt, shahararren mai zane na ƙasar Holan, a zanensa na itatuwa uku na 1643, ya sa mai kamun kifi da shanu da keken doki. Karkararmu hannun mutum ce ta gyara ta. Kukar nan an sha yanke mata reshe don miya, gawon nan manomi ne ya bar shi tsakiyar gona don ya san amfaninsa.

Gawon ma a kula. Na ga zanen damina, gero ya yi kai, gawo kuwa lulluɓe da ganye. Wani dattijo ya duba ya ce, “Ɗana, ka taɓa zuwa gona kuwa?” Gawo da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi shar, awaki su taru gindinsa suna tsintar ’ya’ya. Ɗauki takarda da fensir ka je ka zauna can tukuna, faranti ya jira.