Kafin Ka Ɗauki Jaka Zuwa Sakkwato: Yadda Ake Tantance Abin da Aka Gani a Waya

Hangen Dala ba shiga birni ba ne, haka ma hangen Sakkwato ta cikin waya. Bidiyon daƙiƙa talatin zai nuna maka ƙofar fadar Sarkin Musulmi da hantsi, da dawakai cikin ado, da ɗakin otal mai farin zanin gado. Ba zai nuna maka zafin ƙarfe biyu na rana ba, ko zaman jiran mota ta cika a tasha, ko ƙarfe nawa ake kashe janareta. Yawanci wanda ya ɗora hoton bai yi ƙarya ba, zaɓe ya yi. Aikinka shi ne ka nemo abin da ya bari a wajen hoton kafin ka kashe kuɗinka.

Fara da tambayar wata

Duk hoton da ya burge ka, duba ranar da aka ɗora shi, sannan ka tambayi kanka a wane wata aka ɗauke shi. Sakkwato gari uku ce a shekara ɗaya. Daga Maris zuwa Mayu bazara ce, zafi yakan wuce digiri 40 da rana, dare ma ba ya kawo sauƙi sosai. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, a lokacin ne ake ɗaukar hotunan fadama kore shar da gulbin Rima a cike, a lokacin ne kuma sauro ke cin kasuwarsa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne: sanyin safe mai daɗin yawo, amma da hazo da ƙura. Wanda ya ga koren fadama a Facebook ya zo a Afrilu, busasshiyar ƙasa zai tarar.

Idan ziyara ce kawai ba wani uzuri mai rana ba, tsakanin Nuwamba da farkon Fabrairu ya fi. Idan dole sai da bazara, raba yininka biyu: fita bayan sallar asuba, ka dawo masauki kafin sha ɗaya, kada ka sake fita sai bayan la'asar. Ka sha ruwa lita uku zuwa huɗu a yini, wato ledar fiya wata shida zuwa takwas. Ka riƙe 'yan ƙunshin garin gishiri da sukari na kemis. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Bazara kuma lokacin sanƙarau ne a wannan yanki, saboda haka allurar riga-kafi da guje wa kwana a cunkushe cikin ɗaki marar iska ba ƙananan abubuwa ba ne.

Bukukuwa ma haka. Hawan dawaki na Sallah ne, ba na kowace Juma'a ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda masu tallar yawon buɗe ido ke yawan haɗawa da Sakkwato, a jihar Kebbi yake, kusan kilomita 100 daga nan. Kamun kifin kansa a kogin Matan Fada kusan awa ɗaya ne, kuma bikin ya taɓa tsayawa wajen shekara goma kafin a dawo da shi a 2020. Kada ka sayi tikiti a kan tsohon bidiyo, sai ka ji sanarwar bana.

Hanya

Jirgin ƙasa bai iso Sakkwato ba, tsohon layin dogo a Ƙaura Namoda ya tsaya. Ko dai mota, ko jirgin sama zuwa filin Sultan Abubakar III. Daga Abuja tafiyar sama awa ɗaya ce da 'yan mintuna, amma da hunturu hazo kan hana sauka, a ɗage tashi ko a soke shi. Mai zuwa ɗaurin aure ko taro ya taso kwana ɗaya kafin ranar, kada ya dogara da jirgin safiyar ranar.

Taswirar waya tana lissafin tsawon hanya da gudun mota. Ba ta lissafin awa biyun da za ka yi a tasha ana jiran mutum na ƙarshe, da shingayen bincike, da tsayawa salla da cin abinci, da inda ake gyaran titi aka karkatar da motoci ta cikin ƙura. Duk abin da ta ce maka, ƙara masa rabinsa: ta ce awa shida, ka shirya wa tara. Ka shiga motar farko, cikin tasha, inda ake rubuta sunayen fasinja da lambar wani nasu. Motar bakin hanya ta fi arha, amma in wani abu ya faru babu wanda ya san ka shige ta.

Abin da taswira ba ta sani ba ko kaɗan shi ne tsaro. Za ta iya nuna maka yanke ta cikin daji don ya rage minti ashirin. Kada ka bi. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau zuwa Sakkwato, da hanyoyin gabashin jihar wajen Isa, Sabon Birni da Goronyo, sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, kuma halin da ake ciki yana canzawa daga mako zuwa mako. Labarin da ya fi amfani yana bakin direban da ya bi hanyar jiya. Je tasha ko ka sa a je maka, a tambaya: "Malam, wa ya shigo daga can yau? Ya ya baro hanya?" A shirya tafiyar yadda magariba za ta same ka cikin gari.

Masauki, inda aka fi cin kuɗin baƙo

Hoton ɗaki ana ɗaukarsa ne daga kusurwa, da kyamara mai faɗaɗa wuri, galibi a makon da aka buɗe otal ɗin. Shekara biyar bayan nan hoton na nan yadda yake, famfo kuwa ya daina kawo ruwa. Ka bar kallon yawan taurarin da aka ba otal a intanet. Jera ra'ayoyin baƙi daga na baya-bayan nan, ka karanta na wata shida da suka wuce, musamman masu ƙorafi. Mutum uku da ba su san juna ba in suka yi kukan abu ɗaya, abin gaskiya ne. Yabo goma da aka rubuta cikin kwana biyu da kalmomi iri ɗaya, na 'yan gida ne.

Daga nan sai ka kira su ta bidiyo a WhatsApp, kuma da tsakar rana, lokacin da wuta ta fi wuya. A shiga da kai ɗakin da za a ba ka, ba wanda ya fi kyau ba. A buɗe famfon banɗaki ka ga ruwa na zuba. A kunna na'urar sanyaya ɗaki ka ji ƙararta. Sai tambayar da ta fi duka: in an ɗauke wuta, ƙarfe nawa ake tada janareta, ƙarfe nawa ake kashewa, kuma yana ɗaukar na'urar sanyi ko fanka kawai? "Muna da wuta awa ashirin da huɗu" sau da yawa sola ce mai riƙe ƙwan fitila da cajin waya. Da bazara ka nemi ɗakin ƙasa wanda tagarsa ba ta kallon yamma. Ɗakin saman bene yana yini yana shan rana, ya kwana yana amayar da ita.

Wajen biya, kada ka tura kuɗin kwana uku gaba ɗaya. Kuɗin kwana ɗaya ya isa riƙe ɗaki. Duba sunan da ya fito a asusun: in sunan wani mutum ne ba na otal ba, dakata ka tabbatar ta wata lambar. 'Yan damfara kan ɗora lambarsu a shafin otal na gaske, ko su kwashi hotunan wani wuri su buɗe shafin bogi. Google Lens, manhajar binciken hoto a waya, zai nuna maka inda hoto ya taɓa fitowa. In ɗakin da aka ce na Sakkwato ne ya bayyana a wani otal na Legas, ka gama bincike.

Wuraren da ka zo dominsu

Hubbaren Shehu shi ne abin da ya fi kawo baƙi. A nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake kwance tun 1817, da 'yarsa Nana Asma'u da wasu na gidansa. Wanda ya zo da tunanin ƙaton gini irin na hotunan ƙasashen Larabawa zai yi mamakin sauƙin wurin: cikin tsohuwar unguwa yake, tsakanin gidajen mutane, kuma wurin ziyara ne da addu'a, ba wurin shaƙatawa ba. Tuɓe takalmi inda aka ce a tuɓe, gaida dattawan da ke kula da wurin, nemi izini kafin ka ɗaga waya. Ka zo da canji ƙanana don sadaka, ka ware shi a aljihu daban. Za ka ji ana cewa "ranka shi daɗe" da "lahiya lau". Sakkwatanci ne, kunne kan saba cikin yini guda.

Fadar Sarkin Musulmi gidan mulki ne da ake aiki a cikinsa. Ganin ƙofa daga waje ba wuya, shiga ciki kuwa sai da wanda zai yi maka iso. Gidan tarihi na Waziri Junaidu ma'aikatar gwamnati ce, saboda haka ka nufe shi ranar aiki da safe, ko da waya ta ce a buɗe yake. Kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, yana Wurno ne, ba cikin birni ba, kuma ita ma wannan hanyar sai an tambaya. Haka Degel da Gudu da kufan Surame: sunaye ne manya a tarihi, amma ba wuraren da baƙo zai kama hanyarsu shi kaɗai da taswira ba ne.

Ranar Juma'a tituna kusa da Masallacin Shehu da na Sarkin Musulmi Bello kan cushe tun kafin azahar. Da azumi masu abinci da yawa ba sa buɗewa sai yamma.

Cikin gari keke napep da kabu-kabu ne abin hawa. A yi ciniki kafin a hau, ka faɗi sunan unguwa ko wani sanannen wuri, don ba kowa ne ya san sunan titin da ke cikin wayarka ba. Ka riƙe tsabar kuɗi na kwana biyu, saboda sabis kan yanke a tsakiyar tura kuɗi, mai kilishi kuma ba zai sake maka ƙunshi ba sai ya ga alat. Farashin da ka gani a wani tsohon rubutu na takalmin fata ko buhun albasa, ka manta da shi, ka tambayi rumfa uku a babbar kasuwa kafin ka taya.