Yadda Ake Karanta Rubutun Kwalin Magani

Kafin ka ɓalle ƙwaya daga kati, duba gefen kwalin. BN ita ce lambar rukunin da aka sarrafa tare, kuma da ita kamfani ke janye magani daga kasuwa idan aka gano matsala. MFG na nuna ranar haɗawa, EXP kuwa ranar ƙarewar wa'adi. Adadin da mg (wato miligiram) ke biye da shi, kamar 500 a kan farasitamol, nauyin sinadarin da ke aiki ne, ba nauyin ƙwayar duka ba.

Inda ya fi muhimmanci a ganina shi ne haruffan SR da EC da ake rubutawa bayan sunan wasu magunguna. Ƙwaya mai SR tana sakin magani sannu a hankali, mai EC kuma an lulluɓe ta don kada ta narke sai a hanji, saboda haka kada a tauna su ko a daka su. Kafso ma, wanda yawanci ɓawonsa na jelatin ne, a haɗiye shi yadda yake.