Yadda ake gano dalilin zafin tsohuwar a-kori-kura idan tana tafiya a hankali

Mota tana kan babban titi allurar zafi na zaune a tsakiya, amma da an shiga cunkoson kasuwa ko hanyar ƙauye mai ramuka sai allura ta fara hawa. Wannan alamar ta riga ta rage maka aiki. A guje, iskar hanya ce ke ratsa lagireto tana sanyaya ruwa. A giya ɗaya ko a silo, wato mota tana tsaye inji yana aiki, fanka kaɗai ke jawo iskar, famfon ruwa kuma yana juyawa a hankali. Don haka iska ake fara tuhuma, sannan gudun ruwa, gaskit ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke like tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya zo ƙarshe. Bayanin nan ya fi dacewa da tsofaffin Hilux masu injin 22R ko dizal 3L da 5L, da kuma Fijo 504.

Ka fara da safe, inji da sanyi. Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan zai yi tsartuwa ya ƙona ka. Ruwa ya kai wuyan lagireto? Idan ya gaza, cika shi, ka nemi inda yake yoyo: bakin tiyo, ƙasan famfon ruwa, ɗinkin lagireto. Duba murfin kansa. A kansa an rubuta 0.9 ko 1.1, wato matsin da yake riƙewa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma ƙarƙashin murfin 0.9 mai kyau sai ya kusan 119. Robar murfi ta tsage, wannan ratar ta tafi. Sauya shi da mai lamba iri ɗaya.

Danna tsakiyar fambel da babban yatsa da ƙarfi. Kada ya lotsa fiye da santimita ɗaya. Fambel mai sheƙi ko wanda ya nutse cikin kwarin fule yana zamewa, kuma shi ke jan fanka da famfo duka biyun.

Yanzu fankar. A Hilux ba a ɗaure take kai tsaye ba, tana kan wani kuloci mai man silikon a ciki, da siririn ƙarfe naɗaɗɗe a fuskarsa wanda ke jin zafin iskar da ta fito daga lagireto. Iska ta yi zafi, kuloci ya kama, fanka ta ja da ƙarfi. Idan man ya tsiyaye, fanka za ta ci gaba da juyawa, ido ya ga kamar lafiya, alhali iskar da take ja ba ta taka kara ta karya ba. Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa su wuce.

Ga yadda ake gwada shi. Inji a kashe, kama fiffike ka girgiza gaba da baya; idan yana lilo, boris ya ci. Duba tsakiyar kulocin: baƙin maiƙo da ƙura ta manne masa alamar yoyon silikon ne. Sai ka tayar da mota ka bar ta har allura ta wuce inda ta saba zama. Ka taka totur kaɗan, ya kamata ka ji rurin iska sosai. Kashe inji kana kallon fanka. Mai lafiya tana tsayawa kusan nan take, kuma idan ka tura ta da hannu za ka ji nauyi. Wadda ta ci gaba da wulwulawa ita kaɗai ta mutu. Kada ka gwada tare fanka da hannu ko tsumma inji yana aiki. Kulocin da aka haɗa da sukurori ana iya buɗe shi a zuba sabon silikon, wanda Toyota ke sayarwa a ƙananan mazubai na mililita 18. Na fi son haka, ko sabon kuloci, a kan a yi masa walda ya zama kafaffe, domin kafaffiyar fanka tana cin mai, tana gajiyar da boris ɗin famfo, fiffike kuma yana iya ɓallewa a babban gudu.

Fijo 504 da yawa fankarsu da maganaɗisun lantarki take kamawa, ta hanyar wani makunni da ke jikin lagireto. Buɗe makulli ba tare da tayar da inji ba, ka haɗa wayoyin makunnin biyu. Idan ka ji ƙas fanka ta kama, makunnin ne ya lalace. Idan shiru, bi fis da waya da ɗan gawayin da ke gogar kulocin fanka yana kai masa wuta.

Gidan fanka, wato zoben roba ko ƙarfe da ke kewaye da ita a bayan lagireto, sau da yawa ana cire shi wajen gyara a ƙi mayarwa. Babu shi, fanka za ta riƙa jan iska daga gefe maimakon ta cikin lagireto, kuma wannan kaɗai ya isa ya kawo zafi a cunkoso. Ɗora fallen takarda a gaban lagireto inji yana silo da zafi: ya kamata ta manne. Haska tocila ta baya ka leƙa ta gaba. Ƙurar hunturu, ƙaiƙayi, laka da leda suna taruwa, musamman tsakanin lagireto da kondensar esi inda ido ba ya kaiwa. Wanke daga ɓangaren inji zuwa waje, da ruwa marar ƙarfi don kada siraran haƙoran lagireto su lanƙwashe.

Idan duk wannan lafiya, ga gwajin da ke raba iska da ruwa. Allura ta hau, sai ka yayyafa ruwa a fuskar lagireto kawai, ban da jikin inji. Ta sauko da sauri? Ruwa yana zagayawa, iska ce ta gaza. Ba ta motsa ba, amma da ka riƙe totur a wajen juyin inji 2,000 a minti ta sauko? Tuhumi famfon ruwa. Ruwan rijiya ko na burtsatse da aka daɗe ana zubawa ba kulan, wato ruwan lagireto mai hana tsatsa, yana cinye fikafikan famfo da tsatsa, har ya kasa tura ruwa a silo. Shi ne kuma ke toshe bututan lagireto. Kashe inji ka shafa fuskar lagireto a hankali: zafi ya kamata ya ragu daidai daga sama zuwa ƙasa. Wuri mai sanyi a tsakiya toshewa ce, kuma tana hana kulocin fanka jin zafi, sai a ɗora wa kuloci laifin da ba nasa ba. A nan sai a kai wa mai lagireto ya buɗe ya zurara bututan ɗaya bayan ɗaya.

Tamostat kuwa, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi, kada a jefar da shi kamar yadda aka saba. Sa shi a tukunyar ruwa kan wuta da ma'aunin zafi. Lambar da ke jikinsa, 82 ko 88, nan zai fara buɗewa, kafin ruwa ya gama tafasa ya buɗe kamar milimita 8. Ya ƙi, sa sabo, ɗan ramin fitar iska yana kallon sama. A injinan da tamostat ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke komawa inji, cire shi yana sa wani ruwan ya daina bi ta lagireto gaba ɗaya.

Mai injin fetur ya sa a duba tayimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, da fitilar tayimin. Wuta ta makara, inji yana zafi a silo kuma ba ya ja. Adadin tayimin da ya dace yana kan takardar da ke manne a cikin bonet ko a littafin motar.

Sai gaskit. Inji da sanyi, murfi a buɗe, tayar ka kalli wuyan lagireto. Kumfa mai fitowa ba yankewa, tiyon sama da ke taurara cikin minti biyu bayan an rufe murfi, farin hayaƙi a salansa bayan inji ya ɗumama, baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara, su ne shaidu. Akwai ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a wuyan lagireto, yana komawa rawaya ko kore idan hayaƙi na shiga ruwa. Idan ya tabbata, a auna kan injin da miƙaƙƙen ƙarfe kafin a sa sabon gaskit, domin kan da ya karkace zai sake ƙona shi.