Yadda Ake Samun Masauki Mai Sauƙin Kuɗi a Makka Lokacin Umara

Mai niyyar Umara da ke son rage kashe kuɗi ya fara da zaɓen lokaci, domin farashin ɗakuna yakan yi tashin gwauron zabi a goman ƙarshe na Ramadan, alhali a watannin Muharram da Safar yakan sauko sosai.

Abu na biyu shi ne unguwa. Otal-otal da ke fuskantar Harami sun fi ƙarfin aljihun yawancinmu, amma a Misfala akwai ɗakuna masu rangwame waɗanda ake takawa da ƙafa zuwa masallaci. Aziziyya ta fi araha, sai dai tana da nisa, saboda haka a tabbatar otal ɗin yana da motar da ke kai baƙi Harami kyauta, musamman kafin sallar asuba. A duba tazarar a Google Maps, kuma a lura da hawa, domin mita 700 a kan gangaren Ajyad ba ƙaramin aiki ba ne ga dattijuwa mai ciwon gwiwa.

Mutum huɗu su haɗa kuɗi su kama ɗaki mai gado huɗu. Kafin a biya, a tambaya ko an haɗa harajin kashi 15 cikin ɗari a farashin.